Takardun Malam da na bai wa mai ƙosai

Ni ban yi karatu ba, ƴata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. In ta ga na tsaya ina share hawaye, sai ta ajiye biro ta jira ni.

Shekara arba'in da ɗoriya muka yi da Malam a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Yana koyarwa a jami'a, amma rabin ransa na ɗakin bincike. Abin da ya kai shi can kuwa ɗanmu ne na fari, wanda ciwon sikila ya ɗauke yana shekara tara. Bayan rasuwar yaron Malam ya daina hira a ƙofar gida.

Wata rana ina yanka albasa na tambaye shi abin da yake nema haka. Ya ɗebi gishiri ya barbaɗa a kai, muka tsaya har ta fara tsattsafo da ruwa.

"Kin gani, Hajiya? Ƙwayar jini ma jaka ce mai fata, a jikin fatar akwai ƴan ƙofofi da ido ba ya gani. A mai sikila wata ƙofa takan buɗe, gishirin ciki ya fita, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta bushe ta lanƙwashe. Ƙofar nan nake gadi."

Na ce, "Ashe duk bokon nan maigadi na aura."

Ya yi dariya har da tari, ya ce aƙalla dai ba ya barci a bakin aiki. Albasar kuwa ya lalata min ita.

Da Allah ya karɓi abinsa, ina cikin takaba na shiga gyara ɗakinsa don zaman ya yi min yawa. Na ware takardun yadda na sani. Masu rubutun Arabiyya na ɗaga su sama. Manyan littattafai masu kauri na goge su na jera a kabad. Sai wasu kwalaye uku cike da dogayen takardu, babu komai a jiki sai zane mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto, da ɗan rubutun fensir a gefe. Na ɗauka inda yake gwada biro ne. Akwai wata maƙwabciyarmu da ta koma Daurawa tana tuyar ƙosai, na aika mata su ta riƙa naɗi, ladan ya je wa Malam.

Bayan sadakar arba'in wata ɗalibarsa ta zo gaisuwa, yanzu likita ce babba. Ta ce masu neman maganin da zai rufe wannan ƙofa, har a ƙasashen waje, suna ambaton aikinsa, kuma yawancin masu duba jinin yara a asibitinsu shi ya koyar da su. Na buɗe mata kabad ina jin daɗi.

Ta ce, "Mama, waɗannan akwai su ko'ina. Masu zanen nake nema, na shekarunsa na ƙarshe. Bai kai ga rubuta sakamakonsu ba, kuma babu kwafi a ko'ina."

Na gaya mata inda na aika su. Tun ranar jana'iza ban leƙa waje ba, amma na jawo hijabi na ce ta kai ni Daurawa.

Mun tarar da maƙwabciyar tana kwashe ƙosai daga mai. Da ta gan ni ta saki matsami.

"Yaya, lafiya? Ke da ke takaba?"

"Takardun nan na zo karɓa, in da saura."

"Ai takardar Malam ba ta da na biyu, ba ta shan mai. Masu saye har tambaya suke ko zanen laya ce."

Kwali ɗaya ya tafi gaba ɗaya, ya bi ƴan makaranta da masu adaidaita. Na biyu ta ci rabinsa. Na uku yana ƙarƙashin benci, ba a taɓa shi ba. Likita ta durƙusa a gefen murhu da fararen kayanta tana tsince har waɗanda aka yayyaga. Ta ɗaga guda ta nuna min.

"Nan layin ya sauka, ƙofa ta buɗe. Nan ya hau, ta rufe. Ƙofa ɗaya tak yake saurare, Mama, wuni guda."

Na riƙe takardar na yi ta kuka a bakin titi, mai ƙosai na ba ni haƙuri tana cewa da ta sani da ganye ta yi naɗi.

Watanni bayan nan likitar ta dawo. Ta ce abin da aka tsira da shi ya isa ɗalibai biyu su ɗora daga inda ya tsaya, sai dai aikin kusan shekara guda ya tafi, sai sun sake shi daga farko. Na tambaye ta ko Malam zai yafe min. Ta ce ita dai ta san shi, da yana nan tsokanata zai yi ta yi har a gaban baƙi. Haka ne kuwa. Duk da haka kwalin nan ɗaya da rabi bai bar ni ba, kullum na idar da salla sai na roƙa wa yaran nan biyu ƙarfin ido da haƙuri.