Hancin Baba

Jiya jikata mai karatun likita ta shigo gida, ina jin warin rigarta sai hawaye. Formol ne, ruwan nan mai hana nama ruɓa. Warin babana ke nan.

Farkon samun 'yancin kai, Baba yana yi ma wani likitan dabbobi aiki nan Dakoro. In saniya ta mutu, Baba ke yanko hanta ya tsoma cikin formol da hannunsa, ɗaki a rufe. Idonsa kullum ja. Ba wanda ya ce mashi ya rufe hanci.

Ranar da ruwan farko na damina ya sauka muna ta murna, ya kira ni gefe.

"Hadiza, ƙasa ta yi ƙamshi?"

"Baba, ba ka ji ba?"

"Na daɗe ban ji ƙamshin komi ba, ɗiyata. Kada ki gaya ma innarki, kullum ina yaba ƙamshin miyarta."

Ciwo ya ci cikin hancinsa, bayan damina biyu muka rasa shi. Har Inna ta rasu ban gaya mata ba.

Masu aiki da wannan ruwa yau, don Allah, ana ba ku abin rufe hanci?