Ranar da Tsuntsayen Ƙanƙara Suka Shigo da Baffa Gidanmu

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar mahaifina, Malam Haruna, manomin masara da dawa a Gozaki. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, domin duk abin da na fara sai ya fito kamar takardar ta'aziyya, shi kuwa Baba ba mutum ne mai son zaman jimami ba. Bana dai abokan aikina ne suka buɗe mini baki. Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Funtuwa, kuma a makon jiya na shiga ɗakin malamai na tarar an yi cincirindo a kan waya ɗaya. Wani shiri suke kallo na dabbobin da ke zaune a ƙarshen duniya, inda ƙasa da duwatsu duk ƙanƙara ce. Ina leƙawa na hango tsuntsayen nan masu farin ƙirji da baƙin baya suna tafiya a tsaye kamar mutane, sai dariya ta ƙwace mini, hawaye na biye da ita. Suka yi ta tambayata ko lafiya. Lafiya lau, na ce musu, tsofaffin sani na gani.

Sai na ɗan koma baya kafin a gane. Ina da shekara takwas lokacin da Inna, mahaifiyarmu, ta samu gurbin karatun ungozoma a Zariya. Ƙanwarta ce ta rasu wajen haihuwa a cikin mota a kan hanyar Malumfashi, tun daga ranar kuwa Inna ta ƙudurta a ranta sai ta koyi aikin. Karatun shekara biyu ne da ɗoriya. Mu uku ne a ɗakinta: ni, da ƙanena Nura, da autarmu Safiya wadda ba a daɗe da yaye ta ba.

Baffa Lawal, yayan Baba, shi ne babba a dangi tunda kakanninmu sun riga sun rasu. Ya ce wannan abu ba a taɓa yinsa ba a gidansu. Da ya ga Baba ya dage, sai ya ce to a raba mu, kowa a kai shi gidan wani ɗan'uwa har ta dawo. Nan ma Baba ya ƙi. Shi kansa a hannun riƙo ya tashi a Bakori, ya san ɗanɗanon abin. Ya ce, “Yaya, 'ya'yana ne, kuma hannuwana biyu lafiyarsu ƙalau.” Baffa ya kakkaɓe rigarsa ya ce gidan da namiji ke tuƙa tuwo, ƙafarsa ba za ta sake taka shi ba. Ya kuwa riƙe maganarsa. Suna gaisawa a masallaci, suna haɗuwa wajen suna da jana'iza, gonakinsu ma iyaka ɗaya ce, amma ko bayan Inna ta dawo ta kama aiki a asibitin garin, Baffa bai wuce zaurenmu ba. Haka aka ɗauki fiye da shekara ashirin.

Idan na ce mun sha wahala a waɗannan shekaru biyu na yi ƙarya. Mun dai sha tuwo mai gudaji, wanda Baba ke cewa tsarabar cikin tuwo ce, sai mai rabo ke samu. Ya taɓa gwada yi mini kitso ranar wata Asabar, na fita da kai kamar gonar da aka yi wa huɗa a karkace, sai da maƙwabciyarmu Iya Abu ta kama ni a ƙofar gida ta tsefe tana dariya har tana tari. Abin da ya fi tayar da magana a gari shi ne goyo. Baba yakan ɗaure Safiya a bayansa da zanin Inna, ya saɓa fartanya ya nufi gona. Masu zaman bakin hanya suka laƙaba masa Inna Haruna. Idan suka kira, sai ya juyo ya ce, “Na'am, me za a dafa muku yau?” Ban taɓa ganin ɓacin rai a fuskarsa ba, don haka na tashi ina ɗauka abin bai dame shi ba.

Ranar da nake son ba da labari, kashegarin Babbar Sallah ce, shekara uku kafin rasuwarsa. Nura, wanda a lokacin yake aiki a Kaduna, ya zo wa Baba da sabon talabijin da wani ɗan filash mai ɗauke da irin wannan shiri. Bayan Azahar aka fito da shi rumfar tsakar gida, aka tayar da janareta, maƙwabta da jikoki suka cika tabarmi, ƙamshin suyar nama ya cika ko'ina. Bature ne ke bayani, Nura na fassarawa.

Ana cikin haka aka yi sallama a zaure. Baffa ne, riƙe da cinyar rago. Mako guda kafin nan matar ɗansa ta yi doguwar naƙuda, Inna ce ta tsaya a kanta har Allah ya sauke ta lafiya, aka samu tagwaye. Godiya ya zo yi, kuma niyyarsa ya miƙa naman daga zaure ya juya. Baba ya fita suna gaisawa ke nan sai matan cikin gida suka ɗauki salati gaba ɗaya, domin wani ɓangaren ƙanƙara mai girman tsauni ya ɓalle ya faɗa teku. Baffa ya razana ya ce, “Lafiya kuwa?” Baba ya ce, “Yaya, ni ma ban san yadda zan kwatanta maka ba. Sai dai ka gani da idonka.” Sai ga Baffa a tsakar gidanmu, a tsaye daga gefe, yana cewa minti biyu kawai zai yi.

Ban taɓa ganin kallo mai surutu irin na ranar ba. Da aka nuno fili fari fat, ba bishiya ba ciyawa har iyakar gani, Baba ya tambaya me suke nomawa a can. Nura ya ce babu noma ko kaɗan. Baba ya girgiza kai ya ce Allah sarki, kamar an gaya masa rasuwa. Iya Abu, wadda ke sayar da zoɓo, ta riƙe haɓa ta ce ga ƙanƙara nan a zube ba mai ɗauka, ita kuwa har Malumfashi take aikawa a nemo mata. Aka nuno wata farar dabba mai kama da ƙaton kare, beya ake ce mata, tana fitowa daga rami da 'ya'yanta biyu suna ta mirgina a gangare, mata suka yi ta cewa wayyo, kamar jarirai aka kawo musu. Da Nura ya ce a can rana takan yi watanni ba ta faɗi ba, sai Baffa ya yi gyaran murya ya ce, “To wanda azumi ya riske shi a can fa, yaushe zai sha ruwa?” Gardama ta kaure, kuma gardama ba ta daɗi a tsaye. Ba wanda ya lura da lokacin da Baffa ya cire takalmi ya zauna a tabarma kusa da ƙanensa.

Daga nan shirin ya bar arewacin duniya ya koma can ƙarshen kudu, wajen tsuntsayen da ake kira fengwin. Suna tafe a jere suna rangaji, Baba ya ce kamar dattawa za su ɗaurin aure. Wani ya zame ya faɗi rub da ciki, gidan ya ɗauki ihu. Sai aka zo wajen ƙwai. Macen ta saka ƙwai ɗaya tal, ta lallaɓa ta mirgina shi kan ƙafafun mijinta, ta juya ta nufi teku. Namijin ya lulluɓe ƙwan da fatar cikinsa ya tsaya. Haka zai tsaya wajen wata biyu, in ji Nura, ba ci, cikin duhu da iska mai sanyin da ba ya misaltuwa, mazan suna matsuwa da juna, na gefe ya shiga tsakiya, na tsakiya ya fito gefe. Nura na fassarawa muryarsa na yin ƙasa, don shi ma sai a lokacin ya gane inda maganar ta dosa. Kowa na kallon talabijin don kada ya kalli Baffa.

“Kai Nura, tsaya,” in ji Baffa. “Namijin ka ce?”

“Namijin, Baffa.”

“Ita kuma ina ta tafi?”

“Neman abin da za su ci. Za ta dawo.”

“Mayar da shi baya in sake gani.”

Aka mayar. Ya kalla har ƙarshe bai ƙifta ido ba, sannan ya juya ya ce, “Haruna, ashe danginka suna can.” Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi, mu ma muka samu hanyar sakin tamu. Da ya ɗauki hular sai ya ce, yana murmushi, “Yaya, su ai suna da yawa, suna jingina da juna. Ni kuwa ni kaɗai ne.” Wannan ce rana ta farko da na ji daga bakinsa cewa abin ya yi masa nauyi. Baffa ya sunkuyar da kai. Ya ce ya sha hango shi daga gonarsa da yarinya a baya yana noma, ya sha ajiye fartanya zai taho ya kama masa, sai girman kai ya mayar da shi. Ya ce, “Ka yafe mini.” Baba ya ce ya yafe tun kafin a roƙa, ya ɗaga murya ya ce a zubo wa Yaya abinci. Baffa ya wanke hannu ya ci. Can da matan tsuntsayen suka dawo daga teku, kowace tana kiran mijinta a cikin dubbai, Iya Abu ta rangaɗa guɗa, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Shekaru ukun da suka rage wa Baba, kusan duk Juma'a bayan an sauko masallaci Baffa na gidanmu, kuma sai an sa musu tsuntsayensu. Baffa ya zama mai ba da labarinsu a kasuwar Kafur, kuma duk bayarwa sai watannin tsayuwar namijin sun ƙaru. Na taɓa jin ya kai su shida.

Yanzu ga shi an fassara irin waɗannan shirye-shirye da Hausa, suna yawo a wayoyi. Na zauna na karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙasan wanda abokan aikina suka nuna mini. Wani ya ce ƙarya ce, kwamfuta ce ta haɗa. Wani ya yi tasbihi ya wuce. Wata ta ce sau uku tana nuna wa maigidanta, har yanzu yana cewa bai gane ba. Wani bawan Allah kuma ya yi tambayar azumi, kalma da kalma irin ta Baffa. Na tabbata da Baba na nan da sai ya sa an karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, yana ba kowa amsa kamar suna gabansa. Wajen da aka nuna ƙanƙarar tana narkewa kafin lokacinta har ƙananan tsuntsaye na halaka, ba na jin zai buƙaci dogon bayani, domin a shekarunsa na ƙarshe ya sha shuka masara sau biyu saboda ruwa ya yaudare shi. Abin da nake zaton zai ba shi mamaki shi ne yadda kowa ke kallon nasa shi kaɗai, kai a sunkuye. Da haka muka kalla a ranar, ba salatin da zai kai zaure, Baffa kuwa da ya miƙa namansa ya tafi.

Juma'ar da ta wuce na je Gozaki, muka taru muka yi wa Baba addu'a. Baffa ne ya ja ta, ganinsa ya yi rauni amma muryarsa na nan. Abin da Baba ya bari na hannu ba shi da yawa: gona, rumbu biyu, da tsohon keke. Da yamma na raka Inna duba wata mai jego, ko da yake ta daɗe da yin ritaya. Tafiyar da ba ta wuce minti goma ba sai da ta ɗauke mu kusan awa guda. Mai shago ya fito ya durƙusa, ɗan acaɓa ya tsaya ya kashe mashin, wata matashiya mai goyo ta rungume ta. Duk a hannunta aka haife su, kuma a garin 'ya'yan Inna Asabe ake ce musu.

Na ce mata, “Inna, kin tara 'ya'ya.”

Ta tsaya ta gyara mayafinta, ta bi ɗan acaɓan da kallo har ya sha kwana. Ta ce, “Haka mutane ke cewa. Ni dai duk wanda na karɓa, sai na ce a raina, Malam, ga wani naka ya iso.” Sannan ta kama hannuna ta ce mu yi sauri, mai jego na jira.