Murfin Kwanon Mami Hawabi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Mami Hawabi Parkar, matar Mamu Liyakat, wato kawuna, yayan mahaifiyata, a wani asibiti da ke Ratnagiri, a gaɓar tekun ƙasar Indiya, bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya. Likita ya ce shekarunta sittin da ɗaya, ita kuwa sittin da uku take cewa. Na tambayi duk wanda ya kamata ban samu tabbaci ba, shi ya sa na kawo duka biyun.

Mami, masu zuwa gaisuwa sun yi ta ambaton girkinki da haƙurinki, kuma gaskiya suka faɗa. Ni aikinki na kan dutse nake so in rubuta, domin ban ji wanda ya kira shi aiki ba.

Duk wanda ya sauka kan baƙaƙen duwatsun bayan ƙauyenmu neman kifin jitada, idonsa a kan zaren fatsarsa yake. Kifin nan ba ya son ko'ina sai inda ruwa ke dukan dutse yana kumfa, lokacin da teku ke cikowa, kuma a nan ne raƙumin ruwa ke ɗauke mutum. Saboda haka ba a sauka mutum ɗaya. Wani ya jefa ƙugiya, wani ya zauna a sama ya zuba wa teku ido. Tun da aka kawo ki gidan Mamu ke ce ta sama. Kunnensa ya yi nauyi tun yana matashi, murya ba ta isa gare shi cikin rugugin ruwa, sai kika koma buga murfin kwanon abinci da cokali. Da ya ji ƙarar, zai saki abin da ke hannunsa ya hau.

Ba shi kaɗai kike yi wa gadi ba. Baƙi kan zo daga Mumbai da dogayen sandunan fatsa, ba ki san sunan kowa ba, amma kina ganin sun sauka za ki gyara zama yadda idonki zai kai gare su. Maƙwabciyarmu Sulochana-bai ta shaida mini cewa tun rasuwar mijinta, ba a taɓa yanka jitada a gidanki ba tare da an kai mata tsakiyarsa ba.

Akwai kifin da gidanmu ba ya mantawa. Mamu ya jawo shi har gindin dutse, sai kika buga. Ya saki zaren ya hau, raƙumin ya zo bai ko kai gwiwa ba. Shekara da shekaru, in an zauna cin gurasar shinkafa da miyar kwakwa, sai ya tayar da zancen.

"Hawabi, kifin nan da kika sa na saki, ya kai tsawon ƙofar nan."

"Bara tsawon hannunka ne," in ji ki. "Bar shi a ruwa, malam, can ya fi girma."

Ni kuwa tun ina ƙarama an san ni da fargaba. Ina duba murhu bayan na kashe shi, ina komawa in taɓa kwaɗon da na kulle da hannuna. A gida abin dariya ne. Da na gama jami'a a bana na dawo, na raka ki kan dutse, ina ta tambayarki ko wancan ruwan da ya yi duhu ba zai taso ba. Na zaci za ki gaji da ni. Sai kika ce, "Tabu, mai ƙarfin hali ba ya iya zaman nan. Jira yake sai ya tabbata. Ke ba ki jira, kin dace." Ban taɓa jin an faɗi halin nan nawa ba tare da dariya ba sai ranar.

Bayan an watse daga zaman makoki, na tarar da Mamu a tsakar gida yana ɗaura ƙugiya, ga jatan lande masu rai a bokiti. 'Ya'yanki biyu sun koma bakin aikinsu a Maskat, ƙasar Oman. Na tambaye shi wa zai zauna masa a sama. Ya ce ya san ruwan nan tun kafin a haifi uwata. Hakan ba daidai ba ne, shekara huɗu kawai ya ba ta, amma ban gyara masa ba. Na shiga kicin na ɗauko murfin da cokalin na bi bayansa.

Na yi ta bugawa, Mami. Yawanci ba abin da ya zo. Kowane bugu sai ya hau yana haki yana hararata. A na ƙarshe akwai kifi a zaren, ya sake shi, ruwan kuma ya tsaya a idon sawu. Ya zo ya zauna kusa da ni, ni kuma ina jiran faɗa.

"Wannan ma ya kai ƙofa," in ji shi. Sai ya rufe fuskarsa da hularsa.

A watan Janairu zan fara aiki a birnin Pune, kuma ban san wanda zai karɓe ni a kan dutse ba tukuna. Abin da na samu shi ne alkawari: Mamu ya ce a gaban mahaifiyata ba zai sake sauka ba sai da mutum a sama. Na sa ya maimaita.

Ina miƙa ta'aziyya ga Mamu Liyakat, da 'ya'yanta Nizam da Shaukat, da iyalan Parkar baki ɗaya, da Sulochana-bai wadda ta yi kuka kamar 'yar'uwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Allah Ya jiƙan Mami Hawabi, Ya yafe kurakuranta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ta ƙare rayuwarta idonta a kan teku domin wasu su dawo gida lafiya. Ya Allah, Ka tsare ta kamar yadda ta tsare mu. Amin.

Tabassum Mukadam