Gadon Inna Ya Ƙi Hucewa

A ɗakin Inna, mahaifiyata, akwai gadon ƙasa, irin wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Baba ne ya gina shi da hannunsa a shekarar da aka haifi yayana, tun ƙauyenmu da ke bayan Gubuchi bai san rufin kwano ba. Yana da ɗan baki ta wajen ƙafa. Nan ake tura kara a cinna masa wuta, in ya cinye sai a toshe bakin da murfin tukunya, ɗumin ya zauna a jikin ƙasar. A kansa Inna ta yi jegonmu duka. Ni ma da na zo wankan gida a haihuwata ta fari a kansa ta gasa ni, ina kuka ina cewa zan ƙone, tana cewa in rufa mata baki, ita ba ta taɓa jin inda mai jego ta ƙone ba.

Bayan rasuwar Baba kusan kowa a garin ya rushe nasa gadon ya sayi katifa. Yaya ya yi ta lallashin Inna a yi mata haka, ta ce a bar mata abinta. Gwiwoyinta sun riga sun fara ciwo, ɗumin gadon ne kawai ke sa ta iya miƙewa da safe. Muka bar ta, don Inna in ta ce a'a, to ta zauna.

A wata damina, ana tsakiyar marka, Yaya ya kira ni a waya ina gidana a Ikara. Bayan mun gaisa ya ce gadon Inna ya ƙi hucewa. Na yi dariya na ce ai abin nema ne ya samu, ya rage masa wahalar neman kara. Bai yi dariyar ba. Ya ce rabon da a sa wa gadon wuta an kwana biyu, amma kullum yana nan da zafinsa, ɗakin kuma akwai wani ƙauri da ya rasa gane kansa. Inna ta hana shi taɓawa, ni ce mai bakin da take ɗan saurara, in zo.

Na hau acaɓa da safe ana yayyafi. Na iske Inna zaune a bakin gadon da carbinta, ta miƙe ƙafafu. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi hanya, ta tambayi ruwa ko ya yi gyara a wajenmu. Ina amsawa ina shaƙar ɗakin. Ƙaurin ba na kara ba ne, ba kuma na tsumma ba. Na ɗora bayan hannuna a kan gadon, na ji shi kamar tukunyar da ba a daɗe da saukewa ba.

A tsakar gida Yaya ya faɗa mini yadda aka yi. Rumfar da ake tara kara ta yi yoyo, karan ya jiƙe sharkaf, Inna ta kwana biyu tana fama da ƙafa. Ya ji tausayinta, ran kasuwar Makarfi ya sayo mata gawayi. Ita kuma ta riƙa zubawa tana turawa ciki da muciya yadda ta saba tura kara. Nan na gane an yi kuskure. Wutar kara tashi take yi ta mutu nan da nan, don ita aka gina irin wannan gado. Gawayi kuwa zama yake yi wuri ɗaya ya yi ta ci. Ban ga laifin Yaya ba, ni ma da ina nan abin da zan yi ke nan.

Muka fara da abin da ya fi sauƙi. Na ɗauko guntuwar tsintsiya da tsohon kwano na kwashe tokar ƙaf, na zura hannu har kafaɗa. Toka ta yi sanyi, ko ɗan garwashi babu. Yaya ya ce wataƙila iska ce ke shiga, muka kwaɓa laka muka liƙe bakin ruf, muka je muka yi azahar muka ci abinci. Da muka dawo zafin na nan. Muka buɗe, Yaya ya sheƙa ruwa da bokiti. Inna ta ce za mu jiƙa mata ɗaki a banza. Ruwan ya kwanta a ramin, bai yi ko tururi ba, ya dawo mana baƙi ƙirin a kan daɓe.

Sai na bi gadon da hannu a hankali tun daga ƙafa. Wajen ƙafa, inda ake sa wutar, ya huce. Tsakiya da ɗumi. Wajen kai, inda gadon ya haɗu da bango, nan ne hannu ba ya iya daɗewa. Na fita na zaga bayan ɗakin cikin yayyafi. Bangon duk ya sha ruwa ya yi duhu, sai wuri guda daidai kan gadon, faɗin faifai, a bushe ƙayau. Tururuwa na fitowa daga gindin wurin da ƙwayayensu a baki. Na tsuguna na ƙura ido, sai ga wani siririn hayaƙi yana fita ta wata 'yar tsaga. Na ɗaga kai na dubi rufin. Ɗakin Inna soro ne, azara ce ke riƙe da shi.

Na koma ciki raina a ɓace, don tsoro in ya kama ni faɗa yake zame mini. Na ce wa Inna wuta ce a cikin bango, ban san me take ci ba amma tana ci, kuma sama take nufa. Ba ta razana ba, ba ta ma ɗaga kai daga carbin ba.

"Azara ce," in ji ta. "Babanku ya gitta ta a ƙarƙashin gadon don ta riƙe ƙasar, ya cusa kawunan a bango. Ni na riƙa miƙo masa ruwa. Ƙaurin giginya ai ba ya ɓuya."

Na tsaya ina kallonta. Na ce, "Inna, kin sani ke nan?"

"Tun ranar farko."

Na yi faɗa ranar nan, faɗan da bai kamata 'ya ta yi wa uwa ba. Na ce da soron ya rufto mata fa, ko hayaƙin ya shaƙe ta tana barci? Na ce wane irin abu ne wannan, mutum ya san yana kwance kan wuta ya ja bakinsa ya yi shiru? Yaya na daga bakin ƙofa yana ce mini in yi a hankali. Inna ta bari sai da na gaji don kaina.

"In na faɗa muku, fasa shi za ku yi," ta ce. "Na ce ko wutar za ta mutu da kanta."

Sai a lokacin na dubi ɗakin da kyau. Rigunan Baba an raba su tun ranar sadakar bakwai. Kekensa na wajen ƙanensa, gonar ta koma hannun Yaya, buzun sallarsa ma an kai masallaci. A gidan nan kaf babu abin da ya rage wanda hannunsa ya yi, kuma yake nata ita kaɗai, sai gadon nan. A gefensa har yanzu ana ganin sawun yatsunsa inda ya shafe yaɓen. Na ji tausayinta ya rufe ni, amma tausayin bai kashe wutar ba, kuma ita ma ta san haka.

Na zauna kusa da ita na sassauta murya. Na ce Inna, ba yadda za a yi, yau ɗin nan za a fasa. Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce a bari ta yi la'asar. Tun da gwiwa ta hana ta tsayuwa a kan gadon take salla a zaune. Na so in ce a'a, Yaya ya girgiza mini kai. Muka tsaya a ƙofa da diga da bokitan ruwa, idona na kan rufin, har ta sallame ta yi addu'arta ba gaggawa.

Da ta shafa, ta naɗe tabarmar da kanta ta miƙo mini. Yaya ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, sai ta ce da ni in gaya wa wancan kada ya sara ta tsakiya, zai wahala. Ta ɗora tafin hannunta kusa da bango.

"Nan za shi fara. Nan babanku ya ƙarasa, ƙasar ba ta da kauri."

Sara kaɗan ya yi wurin ya burma. Azarar na ciki ja wur, ta cinye rabi, wutar ta bi ta ta shige bango kusan kamu guda. Da iska ta same ta sai ta kama da harshe, muka yi ta sheƙa ruwa. Sai da Yaya ya fasa gadon duka da wani sashe na bangon kafin ya zaro guntayen ya jefar tsakar gida, suna huci cikin ruwan sama. Inna na zaune a ƙofar madafa, tana kallo, ba ta kau da kai ba.

Aka toshe bangon, aka yi sabon daɓe. Yaya ya ce zai nemo wanda zai gina mata wani gadon, ta ce a bar shi. Ya sayo gadon ƙarfe da katifa mai kauri da bargo, ta sa masa albarka sosai. Ba ta taɓa yi mana ƙorafi ba, ko da ƙafar ta matsa mata.

Na ƙara kwanaki a gida kafin in koma Ikara. Ana gobe zan tafi rana ta fito, karan da muka shanya ya bushe. Da yamma ina tankaɗe a tsakar gida sai na ga Inna ta ɗebo kara a hammata, ta nufi ɗakinta tana ɗingishi yadda ta saba yi kullum kafin magariba. Na bi ta da ido. Ta shiga, ta je wajen ƙafar gado, ta dafa gwiwa ta fara sunkuyawa. Sai ta tsaya a haka, tana kallon ƙafar gadon ƙarfen da daɓen da ko bushewa bai gama yi ba.

Na taso da sauri na ce ta kawo in kai madafa, dama ina neman na hura wutar tuwo. Ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Na karɓa na fita, na tsuguna gaban murhu, na daɗe ina hurawa ko da wutar ta riga ta kama.