Gayyar Jini a Sabuwa

Ana idar da sallar asuba muka bar Ƙanƙara, ni da wan matata, a tsohuwar motarsa. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne 'yar audugar da ke manne a hannuna, inda aka ɗebi jinina. Na ƙi cire ta.

Na tashi da karatun littattafan soyayya, don haka na ɗauka jinina ne zai ceci matata. Tana da sikila, tun tana ƙarama ake yi mata ƙarin jini. Jiya a asibitin da take kwance na miƙa hannu ina jin kaina jarumi, sai mai gwajin jini ya girgiza kai. Ya ce yawan ƙarin ya koya wa jikinta gane baƙon jini, yanzu yaƙarsa yake yi. Rukuninmu ɗaya, amma da aka haɗa nawa da nata sai ya dunƙule. "Malam, so ba ya shiga kwalba," in ji shi. "Nemo mutane da yawa, a dace da ɗaya."

Ita kuwa jininta sai sauka yake yi.

Hanyar Faskari ramuka ne da shingaye, dawa ta yi kai dama da hagu. A Faskari gwaggonninta suka cika mu da fura da shawarar a ba ta zoɓo. Mutum biyu kacal suka amsa za su ba da jini. A Mairuwa muka ci waina mai zafi, ni dai ban ji ɗanɗanonta ba.

Da azahar muka isa wani ƙauye bayan Sabuwa, wurin kawunta, Bamaguje, wanda dangi suka daɗe ba su leƙa ba. Kunya ta rufe ni. Muka same shi a gona.

"Baba, jini muka zo nema."

"Na ɗiyar ƙanwata? Kuma ku biyu tak kuka taho, kamar masu neman aron fartanya?" Ya yi dariya. "Abin da ya fi ƙarfin mutum guda, ai gayya aka yi mai!"

Ya sa aka buga gangar noma. Kafin la'asar maza sun taru da lauje a kafaɗa, sun zaci girbi ne. Da suka ji zancen, ba wanda ya juya. Muka koma Ƙanƙara da mota biyu, ana waƙar noma har ƙofar asibiti. Duk cikinsu jinin mutum ɗaya ya zauna lafiya da nata: na Baba.

Na dawo gida na ɓare audugata. Tafiyar ta nuna mini cewa jarumin bai zama dole ya kasance ni ba, kuma ina alfahari da surukaina.

Shekara huɗu ke nan. Matata na nan da ranta, tana koyarwa a firamare. Duk kaka takan je Sabuwa da kanta, ta dafa wa 'yan gayyar Baba tuwo.