Kakar Masarar da Yaya Bakur Bai Ƙarasa ba

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Abubakar, wanda mutanen unguwarmu ta Kurayyat suka fi sani da Bakur. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Duk lokacin da na zauna da niyyar yi, sai in tarar babu abin da ke motsi a cikina. Bana ma ban ce wani abu ya motsa ba, shirun ne dai na ga ya yi tsawo.

A Jidda aka haife mu, kakanmu ne ya zo aikin hajji a ƙafa bai koma ba. Ni ina aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Aziziyya, a teburin karɓar marasa lafiya. Shi kuwa Yaya, ɗan birnin da bai taɓa riƙe fartanya ba, sai ga abincinsa ya faɗo a gona. Da gyaran manyan motoci ya fara, daga baya wata gonar shanun madara can Wadi Dawasir ta ɗauke shi tuƙa injin yankan ɗanyar masara. Da Larabci sunan injin hassada. Ranar da ya gaya wa Inna, mahaifiyarmu, ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Duk abin tuƙawa na duniya ka rasa sai hassada?" Ya ce, "Inna, ai ga mai rabo taki ce."

Ba masarar ci ba ce. Tana tsaye kore shar ake yanke ta, kara da ganye da goyonta duka. Injin ya datse ta ƙanana, ya feso cikin tirelar da ke tafiya a gefensa, a kai rami a danne da tarakta, a rufe da leda har ta yi tsami, shanu su yi ta ci sai wata kakar. Silaj suke ce mata. Kwanakin yankan ba su da yawa. In an yi gaggawa ruwa ya yi mata yawa ta lalace, in an yi nawa ta bushe ta ƙi dannuwa. Yaya yakan ɓare goyo ɗaya, ya danna ƙwayar da farcensa, ya ce saura kwana uku, kuma da wuya a ga ya kuskure. Daga ƙarar injin yake gane wuƙaƙen sun dakushe. Sai ya tsaya tsakiyar gona ya wasa su, shugaban aiki na ta yalla yalla a rediyo, wato a yi sauri, shi ko a jikinsa. Cewa yake wuƙar da ta dakushe mai take sha, ba masara take yanka ba.

Sati biyu kafin kakarsa ta ƙarshe ya zo asibitinmu, wai ƙirjinsa na ɗaurewa in ya hau bene. Ina tsaye a wurin likita ya ce zuciya ce, ya ba shi magani, ya rubuta takardar tura shi babban asibiti, ya kuma ce kada ya yi aikin wahala ko tafiya mai nisa. Da muka fito, Yaya ya miƙo mini takardar.

"Sa'a, riƙe wannan a wurinki. Kada Halima ta ji, kada Inna ta ji. Kwana goma sha biyu ne. In na dawo, ke za ki kai ni da kanki."

Halima matarsa ce. Na ce, "Yaya, ai akwai wasu direbobin."

"Akwai. Amma injin ya tsufa, ni kaɗai yake jin maganata. In ya tsaya kwana biyu masarar ta wuce, wahalar mutane ta wata huɗu ta tafi a banza. Halas, magana ta ƙare, Sa'a."

Ban taɓa yi masa musu ba tun muna yara. Na ninke takardar na sa a jaka.

A rana ta tara da fara yankan, da hantsi, abin ya faru. Malam Adam, wani Bahaushen Sudan da ke jan tirela a gefensa, shi ya ba mu labari. Ya ce ya ga injin ya rage gudu, ya ƙarasa layin da yake kai, ya tsaya. Ya ji an kashe wuƙaƙe, an sauke bakin injin ƙasa, sannan an kashe injin ɗin kansa, ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ya zaci wasa wuƙa za a yi. Da ya ga minti goma babu motsi, ya hau, ya tarar da shi kansa a kan sitiyari. A can aka binne shi bayan la'asar. Abin da ya iso mana jakarsa ce, tana ta warin tsamin nan na silaj.

Ban yi kuka ba. Kwana uku na zaman makoki ina zuba gahawa ina miƙa dabino, mata na yaba tawakkalina. Ni na san ba tawakkali ba ne. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta nake, ana taɓawa ina gani amma ba na ji. Na koma aiki a rana ta huɗu. Shekara uku bayan haka Inna ta bi shi, tana cewa Bakur lafiyarsa ƙalau Allah ya ɗauki abinsa, ni kuma ina gyaɗa kai.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Malam Adam yana kira na duk lokacin da kaka ta zo, shi ke ba ni labarin can. Hukuma ta taƙaita noman ɗanyar ciyawa saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa na ja da baya. Mu da muka tashi muna jin ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, sai ga shi an tona har ya kusa ƙarewa. Yawancin filayen da Yaya ya yanka sun koma yashi. Abincin shanun yanzu ta teku yake zuwa, nakan ga manyan motoci sun ɗauko shi a ɗaure daga tashar jirgin ruwa suna fita gari. Ɗan abin da ya rage ana nomawa, sabon inji ke yanka shi. Shi ke bin layi da kansa, ya auna danshin masarar ya rubuta a allo, ya wasa wuƙaƙensa ba tare da direba ya sauko ba. Aikin kwana goma sha biyu yana gamawa a biyar. Na san Yaya zai zagaya shi sau uku hannu a baya, ya ce ba laifi, sannan ya nemi a buɗe masa cikinsa ya gani. Ban san ko zai ji zafi ba in ya ga aikin da ya ba da ransa a kai yanzu kowa na iya yi. Tsohon injin, in ji Malam Adam, an sayar wa masu awon ƙarfe.

A watan jiya na je gidan Halima da yamma, na same ta tana tsinke ganyen mulukiyya, wato lalo. Na zauna ina taya ta. Ban shirya ba, sai na ji bakina yana gaya mata komai, likitan da takardar da alkawarin da na ɗauka. Ba ta daina tsinka ba. Can ta ce, "Ranar da nake haɗa masa kaya na ga maganin a aljihun rigarsa. Na kai wa mai kantin magani ya gaya mini na mene ne. Na dawo na mayar inda na gan shi, na ce in ya so in sani zai faɗa. Shekara takwas ina zaton ke ba ki sani ba, shi ya sa ba na iya kallon idonki in an ambaci sunansa."

Muka gama tsinka, ta ɗora tukunya, na ci abinci a gidan.

In an ce in auna abin da ya rage na Yaya Bakur, ba mai yawa ba ne a ido. Kabari ne marar suna a garin da ban taɓa zuwa ba, da 'ya'ya biyu da suka fi jin Hausa a kan su mayar da ita. Sai kuma halinsa, wanda har yau ban san gefen da zan ajiye shi ba. Mutum ne da in ya ɗauki aiki ba ya ajiyewa, in ya yi magana ba a iya mayar masa, kuma wannan halin da muke alfahari da shi, shi ne ya rufe bakin mata biyu da suka fi kowa son ya rayu. An ce rana ba ta ƙarya, na yarda, tasa ta yi. Amma da za a mayar da ni ƙofar asibitin nan, zan yi masa musu, ko da zai yi fushi da ni har ƙarshen rayuwata. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa taurin kansa, ya yafe mana shirunmu.