Yadda Aka Raka Akwatunana Filin Jirgin Riyad

Jidda, asubar Juma'a

Tun kafin assalatu na tashi na haɗa 'yar jakata a ɗakin da aka ba ni can ƙasan jirgin ruwa, ɗakin da ba shi da taga, wataƙila don kada kallon teku ya ɗauke mini hankali daga aiki. Masu ganin hotunana a gida suna cewa Habibu ya samu duniya, yana yawon shaƙatawa a Bahar Maliya. Na shaƙata kam. Kwana huɗu ina tura keken mahaifin kafil ɗina, wato mai gidan da nake yi wa tuƙi a Riyad, daga wurin cin abinci zuwa wurin cin wani abincin. Abin da na fi kallo a tafiyar nan ƙeyar tsohon ce.

Hankalina kuwa yana Kano. Ranar Asabar da safe 'yata Hafsatu za ta yi saukar Alƙur'ani. Bara ya kamata ta yi, ta ƙi, ta ce sai Abbanta yana zaune a wurin. Malaminsu ya yi mata haƙurin shekara guda, bana ya aiko cewa ko da ni ko ba ni za a yi. Jirgina zai tashi daga Riyad ƙarfe bakwai na yammacin wannan Juma'ar, ya bi ta Alƙahira, kuma ƙarfe shida ake rufe karɓar fasinja. In na rasa shi, na gaba sai Litinin.

Tun kafin mu taho na gaya wa kafil damuwata. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Mafi mushkila, ya Habib." Na daɗe da gane cewa in ya ce babu matsala, nufinsa shi ba shi da ita.

Jirgin ya tsaya a gaɓa da sassafe, aka fara sauke mutane rukuni-rukuni. Da aka kira namu, tsohon ya ce ba zai taka ƙasa ba sai ya sha gahawa. Ya sha, ya ƙara. Uwargida kuma ta tuna akwai wani bene da ba ta ɗauki hoto a kansa ba. Mu ne kusan na ƙarshen fita, masu shara suna bin bayanmu. Duk da haka mun samu jirgin sama na Riyad, saboda an jinkirta shi, kuma ban taɓa yi wa jinkiri godiya irin ta ranar ba.

Sulai

Wajen ƙarfe ɗaya muka sauka a Riyad, a filin jirgin da zan tashi da yamma. Mai hankali zai nemi kujera ya zauna. Amma sai na kai tsohon gida, kuma akwatunana biyu suna ɗakinmu a Sulai, can kudu maso gabashin gari, inda ma'aikata ke kwana tsakanin rumbunan ajiya da garejoji. Tsarabar shekara uku ce a ciki, har da farar abayar da na saya wa Hafsatu ta saka ranar sauka.

Niyyata in ɗauki kaya, in kira tasi, in wuce. Abin da na manta shi ne Juma'a ce, babu mai zuwa aiki. Ina buɗe ƙofa na tarar da ɗakin cike da 'yan uwa, kowa ya sha wanka ya kafa hula.

Sabi'u, abokin kwanana, direban wani kamfani, ya miƙe ya ce, "Tasi? Haba Malam Habibu. Muna raye za ka shiga tasi kamar marar kowa? Ga bas na aro, mu za mu kai ka."

Na ce, "Sabi'u, lokaci fa."

"Lokaci na Allah ne. Yalla, a ci abinci tukuna."

An dafa shinkafa da kaza dominna. Na ci a tsaye. Aka yi la'asar, aka loda akwatunan a bayan bas, aka danne su da saƙonnin jama'a. Kowane mai saƙo ya rantse nasa ɗan ƙarami ne, ciki har da mai bargo biyu da tukunyar lantarki.

Utaiƙa

Filin jirgi yana arewa. Sabi'u ya ɗauki hanyar yamma. Da na yi magana, ya ce ai Ɗanjuma yana jiranmu a kasuwar Utaiƙa, kuma in aka yi rakiya ba shi, har abada ba zai manta ba. Ɗanjuma mai sayar da kayan miya ne, sau biyu na taɓa ganinsa a rayuwata.

Mun same shi, amma bai rufe rumfa ba. Da ya rufe, ya dube ni ya ce, "Yanzu haka za ka shiga Kano ba dabino?" Na ce akwai a akwati. Ya ce wannan na kanti ne, shi ya san mai na gona. Ya ɓace cikin kasuwa. Ina zaune ina kallon agogon waya, na bayana suna muhawara a kan ko jirgi yana tafiya ya bar mutum. Rinjaye ya tafi a kan cewa ba ya bari, in dai ya ga sunanka.

Ban iya yin faɗa ba. Mutanen nan da su na ci, da su na yi jinya lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, su suka yi mini ta'aziyyar mahaifina a ɗakin nan da ba ni da kowa. Ƙauna ce ta sa suka fito. Sai dai ƙaunar tana neman hana ni ganin 'yata, kuma ba ni da bakin faɗa.

Murabba

Ƙarfe biyar saura muka tsaya a Murabba, gindin wani bene, don ɗaukar Alhaji Mudi, dattijon da ya fi kowa daɗewa a cikinmu, wanda shi ke yi wa matafiyi addu'a. Aka kira wayarsa, ya ce ga shi nan, yana sa takalmi. Takalmin ya ɗauki lokaci. Sabi'u ya kashe mota, ya jefa makulli a aljihu, ya hau ya taho da shi. Shi ma shiru. Aka tura Ɗanjuma ya kira Sabi'u. Can sai ga saƙo a waya: Alhaji ya sa an dafa shayi, ya ce baƙo ba ya fita gidansa da bushewar baki, kowa ya hau.

Suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Na ja ƙofar baya, a kulle. Na leƙa ta gilashi, ga akwatunana can ƙarƙashin barguna. Na ɗaga kai, sai ga tashar jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ake kira metro, a tsallaken titi. Fasfo da waya suna jakar da ke wuyana.

Na ce wa na ƙarshensu, "Ku hau, bari in ɗan zaga."

Zagawar da na yi ke nan har Kano.

Filin jirgi

Riyal huɗu na biya. Na canza jirgi sau ɗaya, na tsaya a bakin ƙofa ina jin kamar in sauka in tura shi. Wayata tana ta kuka a jaka, ban ɗaga ba. Na isa kantar karɓar fasinja a filin jirgi da gudu, ma'aikaciyar tana shirin tashi. Ta karɓi fasfo ta ce, "Kaya fa?" Na ce babu. Ta sake dubana. Da alama ba ta taɓa ganin Bahaushe zai koma gida hannu rabbana ba.

Sai da na zauna a kujerata na ɗaga wayar Sabi'u.

"Malam Habibu, kana ina? Mun duba bayin masallaci har sau biyu."

Na gaya masa. Ya ce, "To ai mun riga mun ɗauko hanya, Alhaji ma yana gaba." Ba su fasa ba. Da na sauka a Alƙahira na tarar da hoton da suka turo: su tara a ƙofar filin jirgi, hannuwa a sama, Alhaji Mudi yana jan addu'a, akwatunana a tsakiya. An raka su lafiya, an kuma mayar da su Sulai lafiya.

Kano, Asabar

A kan kujerar ƙarfe na kwana a Alƙahira, na karya da burodi da ruwan shayi mai tsadar da ba zan faɗa ba. Da hantsi muka sauka a Kano. Jami'in kwastan ya tambayi kayana, na nuna masa jakar wuya, ya tausaya mini ya ce in wuce. Na tari adaidaita kai tsaye zuwa makarantar su Hafsatu a Rijiyar Lemo, da jallabiyar da na sa tun a teku.

An riga an fara. Yayata Hajiya Uwani ce ta fara ganina a bakin rumfa. Ta dubi hannuna na dama, ta dubi na hagu, ta leƙa bayana ko akwai mai ɗauko kaya, sannan ta ce, "Sannu da zuwa." Kunya ta kama ni, amma ban tsaya bayani ba, don na ji an kira sunan 'yata.

Ta fito da hijabin makaranta irin na kowa. Na bar ta tana kai mini ƙugu, yanzu ta kusa kafaɗar malaminta. Ta zauna ta fara karatu, muryarta ba rawa. Tana tsakiyar aya ta ɗago kai, idonta ya faɗa a kaina. Karatun ya tsaya cak. Malam ya ɗora mata, ba ta karɓa ba. Ya sake ɗora mata. Sai ta juya ta ce masa, lasifika tana ɗauka kowa yana ji, "Malam, Abbana ya zo. Zan sake daga farko."

Ta sake daga farko. Ni da na yi kwana huɗu a kan teku ban jiƙe ba, a nan na jiƙa gaban rigata.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kawo ni. Ina gode wa Sabi'u da jama'ar Sulai, da Alhaji Mudi da shayinsa da ban sha ba. Na ji har yanzu suna fushi, kuma suna da gaskiya. In na koma zan bi su ɗaki-ɗaki in ba da haƙuri. Amma ko yau aka mayar da ni gindin benen nan, titin zan sake tsallakawa.